Muhawara: wane lissafi ne ya dace da yumɓu idan ƙasa ta girgiza?

Aminu: Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya ce da ni a kan yumɓu da girgizar ƙasa, don Allah masu sanin abin su taimaka. A ce akwai shimfiɗar yumɓu mai laushi, kaurin mita 30, a kan dutse. Ana son a lissafa yadda za ta sauya girgizar da ta taso daga dutsen kafin ta iso harsashin gini. Wasu sun ce hanyar manhajar SHAKE ta wadatar, wato a ɗauki ƙasar a matsayin mai miƙaƙƙen hali, a riƙa gyara taurinta har lissafin ya zauna. Wasu kuma sun ce wannan tsohon yayi ne, sai dai samfurin lissafi mai bin kowane kai-komo ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne daidai? Sannan ga abin da ya fi ɗaure min kai: tunda an ce yumɓu ba ya narkewa kamar yashi, wato ya rasa ƙarfinsa ya koma kamar ruwa a lokacin girgiza, mene ne abin tsoro a cikinsa?

Injiniya Garba: Wa alaikumus salam. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, domin sauran a kanta suke tsaye.

Ranar 19 ga Satumba 1985 girgiza mai maki 8 ta auku a gaɓar tekun jihar Michoacán, kimanin kilomita 350 daga Birnin Meziko. Kafin ta iso birnin ta riga ta gaji. Na'urar da ke kan dutse a jami'ar UNAM ta birnin 0.03g zuwa 0.04g kawai ta auna (g shi ne ƙarfin jan da duniya ke yi wa abu, da shi ake kwatanta ƙarfin girgiza). Amma a tashar auna girgiza ta SCT, wadda ke zaune a kan yumɓun tsohon tafkin Texcoco, an auna kusan 0.17g. Kusan ninki biyar ke nan, gari ɗaya, girgiza ɗaya. Kaurin yumɓun wurin mita 35 zuwa 40 ne, igiyar girgiza kuma tana ratsa shi da gudun kimanin mita 75 a daƙiƙa. Ninka kaurin sau 4 ka raba da gudun, 4×38÷75, za ka samu daƙiƙa 2. Lokacin da shimfiɗar ke ɗauka ta je ta dawo sau ɗaya ke nan idan an kaɗa ta. Igiyoyin da suka sha doguwar tafiya kuwa sun iso da kuzari mai yawa a daidai wajen daƙiƙa 2 ɗin. Kamar lilo ne, ba sai ka tura da ƙarfi ba, in dai a kan gaɓa kake turawa zai yi ta hawa. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 su suka fi rushewa, ƙananan gidaje da yawa a gefensu ba su yi komai ba.

Ka lura, yumɓun nan bai narke ba. Ko laushi na a-zo-a-gani bai yi ba. Da ma ya yi laushi da wuri, da ya shanye wani ɓangare na kuzarin. Riƙe taurinsa da ya yi shi ne ya kai girgizar sama a ninke.

Dakta Hadiza: Yallaɓai ya taɓo wurin. Aminu ƙanena, ga dalilin. A ɗakin gwaji abu biyu muke bi idan muna murɗa ƙasa hagu da dama. Na farko taurinta, wanda ake rubutawa G. A 'yar ƙaramar karkacewa taurin yana ƙololuwarsa, Gmax, kuma daga nauyin ƙasar (ρ) da gudun igiya (Vs) ake fitar da shi, ρ sau Vs². Karkacewa na ƙaruwa G na sauka. Na biyu shi ne yawan kuzarin da ƙasar ke shanyewa a kowane zagaye. In ka zana ƙarfin da ka sa a gefe ɗaya, karkacewa a ɗaya gefen, za ka ga layin zuwa da na dawowa ba hanyarsu ɗaya ba, zobe suke zanawa. Girman zoben shi ne kuzarin da ya salwanta.

A 1991 Vucetic da Dobry sun tattara gwaje-gwaje masu yawa suka nuna cewa ma'aunin danƙo, PI, shi ke jan ragamar waɗannan biyun. A karkacewar 0.1%, ƙasa marar danƙo ta riga ta zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na taurinta. Yumɓu mai PI 200 kuwa yana riƙe da kusan 90% na nasa, shan kuzarinsa kuma bai wuce wajen 5% ba. Yumɓun Meziko a wannan rukunin yake. Ruwan da ke cikinsa yakan ninka nauyin busasshiyar ƙasar sau biyu zuwa huɗu, ga laushi, amma ga naci wajen riƙe ɗan taurin da yake da shi.

Injiniya Garba: Shi ya sa nake cewa kada a yi gaggawar raina SHAKE. Schnabel da Lysmer da Seed suka fitar da shi a Berkeley a 1972. Dabararsa ba ta da wuya: ka zaɓi G da shan kuzari na kowane sashe, ka yi lissafi, ka ga karkacewar da ta fito, ka ɗauki 65% na mafi girmanta, ka koma kan layukan da Dakta ta ambata ka karanto sabon G, ka sake, har lambobin su daina motsi. Da wannan aka bi sawun abin da ya faru a SCT, kuma lissafin ya kusanci abin da na'ura ta auna. A girgizar Loma Prieta ta 1989 ma irin labarin ne: tsibirin Yerba Buena mai dutse ya auna wajen 0.06g, maƙwabcinsa Treasure Island da ke kan cikon yashi da taɓon mashigin San Faransisko ya auna wajen 0.16g. Duk wanda ya san kauri da Vs zai hango wannan ko da biro da takarda.

Musbahu: Baba Injiniya, da girmanka, amma misalan da ka kawo duk inda SHAKE ke da ƙarfi ne. A Meziko girgizar da ta shiga daga dutse 0.04g ce, yumɓun kuma mai PI sama da 200, wato kusan miƙaƙƙen hali ne da shi tun asali. Ba abin mamaki ba ne miƙaƙƙen lissafi ya kama shi. A sa yumɓu mai PI 20, a shigo masa da 0.4g, a gani.

Matsalar ita ce G ɗaya ake ba kowane sashe tun daga farkon girgiza har ƙarshenta. Ƙaramin motsin farko, da babban bugu na tsakiya, da jelar ƙarshe, duk tauri ɗaya, shan kuzari ɗaya. Tunda kuma daga babban bugun aka ciro lambar, sai ƙananan igiyoyi masu sauri su sha dannewa fiye da kima. Bayan haka, in girgiza ta ƙare ƙasar komawa take daidai inda ta fara, ba gocewa ta dindindin, ba matsin ruwa, ba gajiya daga zagaye zuwa zagaye. Da aka gwada hanyar da bayanan KiK-net na Japan, inda ake da na'ura ɗaya a ƙasan rijiya ɗaya a sama, an ga tana fara kauce wa gaskiya idan karkacewa ta kai tsakanin 0.1% da 0.4%.

Injiniya Rabi: Ni mai zanen gini ce, ba ta ƙasa ba, don haka a yi min sauƙi. Wannan danne igiyoyi masu sauri, a aikina me yake nufi?

Musbahu: Yana nufin idan gininki gajere ne mai tauri, a ce hawa 2 ko 3, lissafin zai ba ki ƙarfin girgiza ƙasa da wanda zai zo. Kuskuren ya faɗa ɓangaren da ba a so.

Injiniya Rabi: To ai magana ta ƙare. A bar SHAKE, kowa ya koma sabuwar hanya.

Dakta Hadiza: Tsugune ba ta ƙare ba, Injiniya. Sabuwar hanyar tana da nata ramin, kuma ya fi zurfi domin ba a ganinsa. Bari in yi misali da lambobi na ƙirƙira, kowa ya bi da kansa.

A ce yumɓu mai nauyin kilo 1600 a mita kubik, Vs ɗinsa mita 100 a daƙiƙa. Gmax zai zama 16 MPa, wato 16,000 kPa a ma'aunin matsi. Yawancin samfuran da ke bin kai-komo suna amfani da lanƙwasasshen layi irin na Hardin da Drnevich na 1972, wanda ke tashi tsaye sannan ya kwanta a hankali. A mafi sauƙin siffarsa, inda layin zai kwanta shi ne Gmax sau karkacewar da G ya ragu zuwa rabi. In wannan karkacewar 0.1% ce, layin zai kwanta a 16 kPa. Wato ka gaya wa kwamfuta, ba tare da ka sani ba, cewa iyakar ƙarfin ƙasarka 16 kPa ne. Yanzu a ce gwajin fili ya nuna ainihin ƙarfinta 30 kPa ne. A zurfin mita 10 nauyin ƙasar da ke sama wajen 157 kPa ne. Sashen da ƙarfinsa 16 ba zai iya wuce da girgizar da ta fi wajen 0.1g zuwa sama ba, zai sake ne kawai. Mai ƙarfin 30 kuwa zai wuce da kusan 0.19g. Ka ga kwamfuta ta ba ka rabin abin da zai bugi gini, kai kuma kana murna ƙasa ta kare ka.

Tushen matsalar shi ne layukan G da muke ara, na Vucetic da Dobry ko na Darendeli na 2001, akasarinsu daga gwajin ƙananan karkacewa aka gina su. Na Darendeli bayanansa ba su wuce wajen 0.3% da yawa ba. Wanda ya ja layin har 2% ko 3% ba gwaji yake bi ba, wutsiyar lissafi yake bi.

Injiniya Garba: Allah Ya yi miki albarka, Dakta. Musbahu, ka ji ko?

Musbahu: Na ji, Baba, amma wannan ramin SHAKE ma yana faɗawa, tunda layukan G ɗaya ake ba su duka biyu. Bambancin shi ne a ɓangarenmu an yi maganinsa. A manhajar DEEPSOIL ta rukunin Hashash a jami'ar Illinois akwai samfurin GQ/H, wanda Groholski da abokansa suka wallafa a 2016. Kai za ka ba shi ƙarfin ƙasar da hannunka, shi kuma ya lanƙwasa layin ya fara daga Gmax ya ƙare a wannan ƙarfin.

Tunda ana tone-tone, bari in tona wani da kaina. Tsohuwar ƙa'idar Masing ta 1926, wadda ake zana layin dawowa da ita, tana cewa layin dawowa siffar layin zuwa ce aka ninka sau biyu. Da sauƙi, amma a manyan karkacewa zoben kumbura yake, shan kuzarin ya doshi 2/π, wato wajen 64%, alhali a ɗakin gwaji da wuya ka ga yumɓu ya haura 20% zuwa 25%. A ƙananan karkacewa kuma sifili take bayarwa, sai an ƙara wani shan kuzari na dabam irin na Rayleigh. Phillips da Hashash sun kawo gyara a 2009 wanda ke matse zoben ya dace da gwaji. Duk wanda ya kunna Masing tsura a girgiza mai ƙarfi, ya sani yana shanye kuzarin da ƙasa ba za ta shanye ba.

Sa'idu: Tambaya daga bayan aji. Manhajar da muke aiki da ita tana da samfurin Modified Cam Clay, kuma da shi muke lissafin nutsewar gini a yumɓu, yana yi mana daidai. Ba zan iya ɗora masa girgizar kai tsaye ba?

Musbahu: Kada ka soma, Malam Sa'idu. Cam Clay aikin jami'ar Kambirij ne, Roscoe da Burland suka fitar da gyararren a 1968, kuma a lodin da ke tafiya gaba ɗaya ba komowa samfuri ne mai kyau ƙwarai. Sai dai yana da iyaka guda ɗaya ta ƙarfin da in an wuce shi ƙasa ke barin tabo, kuma duk abin da ke cikin iyakar ana ɗaukarsa kamar ba ya barin tabo: ka danna, ka saki, ya koma yadda yake. A kai-komo, bugun farko zai tura iyakar ta faɗaɗa, matsin ruwa ya ɗan tashi. Daga nan duk sauran zagayen a cikin iyakar suke yawo. Ba zobe, ba ƙarin matsin ruwa, ba gajiya. Zagaye na 2 da na 200 amsa ɗaya.

Hanyoyi biyu aka bi don gyara wannan. Ɗaya ita ce a jera iyakoki da yawa, ƙarama a cikin babba, kowace tana motsi idan an taɓa ta. Mróz da Iwan, kowa da nasa, sun kawo wannan a 1967, Prevost ya ɗora shi a kan yumɓu a 1977, kuma jikansa ne ke cikin manhajar OpenSees yau. Ɗayar ita ce ta Dafalias: iyaka ɗaya babba a waje, amma ƙasar tana barin tabo ko a cikinta, kuma taurin yana raguwa gwargwadon kusantar iyakar. Samfurin PM4Silt na Boulanger da Ziotopoulou, wanda ya fito a 2018, daga wannan gidan yake.

Injiniya Garba: Ka lissafo sunaye kamar mai kiran rajista. Faɗa wa Aminu lambobi nawa zai saita a kowanne, kuma a ina zai samo su. Na sha karɓar rahoto mai zane kala-kala, ja da shuɗi, in na tambayi gwajin kai-komo nawa aka yi a kan ƙasar wurin sai a ce ba a yi ba, an bar lambobin yadda manhaja ta zo da su. Samfuri mai lambobi 15 da aka cike 12 da ka, ban ga abin da ya fi SHAKE da shi ba sai kwarjini. Shi SHAKE aƙalla na san ta inda yake ƙarya.

Musbahu: PM4Silt manyan lambobinsa uku ne: ƙarfin ƙasar ba tare da ruwa ya fita ba, taurin farko, da lamba ɗaya mai saita saurin taruwar matsin ruwa. Sauran suna da ƙimar da ake farawa da ita.

Injiniya Garba: Ita ta ukun a ina ake samunta?

Musbahu: Daga gwajin kai-komo.

Injiniya Garba: Madalla.

Aminu: Ina biye, Allah Ya ƙara ilimi. Amma har yanzu duk maganar ninka girgiza ake. Shi yumɓun kansa ba ya faɗuwa ke nan?

Dakta Hadiza: Yana faɗuwa mana. Ranar 27 ga Maris 1964 girgiza mai maki 9.2 ta auku a Alaska, ta ɗauki mintuna huɗu zuwa biyar tana kaɗawa. A unguwar Turnagain Heights ta birnin Ankorej, gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 2 ta tsattsage ta zame zuwa teku, gidaje 75 suka lalace. A ƙarƙashin wurin yumɓun Bootlegger Cove ne, irin wanda in an dagula shi ƙarfinsa ke zubewa ya koma ɗan kaɗan daga na asali. Bayanin farko ya ba siraran jijiyoyin yashi da ke cikin yumɓun nauyi sosai, cewa su suka narke. Binciken da ya biyo baya, har da na zaftarewar Fourth Avenue a birnin, ya fi karkata ga cewa yumɓun ne da kansa ya kai iyakar ƙarfinsa, da ya fara gocewa kuma ƙarfin ya ci gaba da zubewa.

Bambancinsa da yashi shi ne wannan. A yashi matsin ruwa yana iya hawa har ya ɗauke dukkan nauyin da ke kan ƙwayoyin, taurin ya kusa zama sifili. A yumɓu matsin yana hawa amma yakan tsaya kafin nan, zoben kuma kwanciya yake yi a hankali, kowane zagaye ya fi na baya karkacewa. Idriss da Dobry da Singh sun auna wannan a taɓon San Faransisko a 1978, suka rubuta shi a sauƙaƙe: taurin zagaye na N a kan na farko daidai yake da N^(-t). In t ya zama 0.1, bayan zagaye 10 saura wajen 79%, bayan 30 saura 71%. Shi t yana girma da girman karkacewa, yana raguwa idan PI ya yi yawa ko ƙasar ta taɓa ɗaukar nauyin da ya fi na yanzu. Akwai kuma ƙofa: ƙasa da wata karkacewa, wajen 0.01% a yashi, ninkin haka sau da yawa a yumɓu, ko zagaye dubu ka yi ba abin da zai taru. Shi ya sa tsawon girgiza ke da muhimmanci. Da ta Alaska daƙiƙa 20 ta yi, da labarin Turnagain ya iya bambanta.

Don aikin yau da kullum, Boulanger da Idriss sun ba da gajeriyar hanya: a girgiza mai maki 7.5, wadda suke ɗauka kamar zagaye 30 ga yumɓu, ƙarfin kai-komo ya kai wajen 0.8 na ƙarfin da aka auna a tsaye. In girgizar ta nemi fiye da haka, a sa ran karkacewa ta haura 3%.

Injiniya Rabi: 0.8 ai ba wani ragi ba ne mai yawa. Na zaci za a ce rabi.

Dakta Hadiza: Abu biyu ne ke ja-in-ja a cikin lambar. Maimaitawa tana ragewa, sauri yana ƙarawa. Yumɓu in ka danna shi da sauri ya fi ƙarfi, kimanin 5% zuwa 10% a duk lokacin da saurin ya ninka goma. Gwajin tsaye awanni yake ɗauka, bugun girgiza kuwa ƙasa da daƙiƙa. Saboda haka a zagayen farko yumɓun yana iya ɗaukar fiye da ƙarfinsa na takarda, sai gajiya ta riƙa cinye ribar. Yawancin samfuran da Musbahu ya lissafo ba su san sauri ba, sai dai mai saiti ya ƙara ƙarfin da hannu. Wanda kuma ya yi gwajin kai-komo a hankali don ya samu auna matsin ruwa da kyau, ya tuna ba saurin girgiza ya gwada ba.

Sa'idu: To a ina yashi ya ƙare yumɓu ya fara? Ƙasa mai gari-gari da ke tsakaninsu fa?

Injiniya Garba: Nan ne malaman kansu ba su gama shiryawa ba. Da can akwai ƙa'idar da ake jingina wa Sin, wadda Seed da Idriss suka yaɗa a 1982, tana duba yawan ƙwayar yumɓu, in ya haura 15% a ce ƙasar ba ta narkewa. Girgizar Kocaeli ta Agusta 1999 a Turkiyya ta kunyata ta. A Adapazari benaye sun nutse, wasu sun karkace, wasu sun kife ɗungurungum, a kan ƙasa mai gari-gari da ƙa'idar ta wanke. Bray da Sancio suka fito a 2006 suka ce a bar ƙirga ƙwaya a dubi danƙo: PI ƙasa da 12 tare da ruwa fiye da 0.85 na iyakar kwararar ƙasar, wato yawan ruwan da ke sa ta fara kwarara, wannan tana iya narkewa. Boulanger da Idriss a shekarar suka ce daga PI 7 zuwa sama a lissafa ta da hanyar yumɓu. Mutane suna ɗauka saɓani ne, ni kuwa ina ganin tambaya biyu suke amsawa. Su Bray suna faɗin wace ƙasa ce za ta ba ka matsala, su Boulanger suna faɗin da wace hanya za ka auna matsalar. In ƙasarka ta faɗa tsakanin 7 da 12, bar jayayya, ɗebo ta ka gwada.

Musbahu: Adapazari ɗin nan hujjata ce, Baba. Lalacewar ƙarƙashin gine-gine ta fi yawa, ba a fili ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin gefen harsashi ko a gangare tana ɗauke da ƙarfin karkatarwa tun kafin girgiza ta zo. In kai-komo ya hau kan wannan, karkacewar ba ta komawa tsakiya, gefe ɗaya take taruwa, taku bayan taku. Lissafin ginshiƙi ɗaya na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, na SHAKE ne ko na DEEPSOIL, ba ya ganin wannan ko kaɗan. Masu aikin teku sun riga mu gane haka. Andersen da abokansa a cibiyar NGI ta Norwe sun yi ta gwada yumɓun Drammen tun shekarun 1970 saboda manyan dandamalin haƙar mai na Tekun Arewa, kuma zanensu kullum gefe biyu ne, matsakaicin ƙarfi da na kai-komo tare. Madatsar ruwa, gangare, bakin tashar jiragen ruwa, gini mai nauyi a kan yumɓu mai laushi, a waɗannan ba makawa sai lissafi mai fuska biyu ko uku da samfuri na gaske.

Injiniya Garba: A gangare da madatsa ban taɓa musa maka ba. Tambayar Aminu shimfiɗa ce a kan dutse. Kuma tunda ka kai mu gangare, gaya musu abin da ke faruwa idan ka sa yumɓu irin na Alaska, mai zubar da ƙarfi, a cikin ragar lissafinka, wato ƙananan gidajen da kwamfuta ke yanka ƙasar.

Musbahu: Gocewar tana tattaruwa a layi ɗaya na ragar. In ka ƙanƙanta idon ragar, layin ya sirance, ƙarfin ya zube da wuri, amsar ta sauya. Akwai dabarun ɗaure abin da wani tsayi na ainihi, amma gaskiya ce, nisan da gangare zai zame a irin wannan yumɓun ba lamba ce da za a rantse a kanta ba. Iyaka ake bayarwa, daga kaza zuwa kaza.

Dakta Hadiza: Akwai abin da ku biyun kuka tsallake, shi ne bayan girgiza. Matsin ruwan da ya taru a yashi cikin mintuna ko awanni yake fita. A yumɓu yana iya ɗaukar watanni ko shekaru, ƙasar tana nutsewa a hankali duk tsawon lokacin. Samfurin da aka saita ya kama zobe da kyau ba lallai ya kama wannan ba, saiti ne na dabam.

Sannan ita shimfiɗar kanta ba a tsaye take ba. A Birnin Meziko zuƙar ruwan ƙasa tana matse yumɓun, kaurin na raguwa, Vs na ƙaruwa, lokacin kaɗawar wurare na gajarcewa da shekaru. Girgizar 19 ga Satumba 2017 kuma, mai maki 7.1, da ta taso daga kusa da igiyoyi masu sauri, ta fi ɓarna a gefen tsohon tafkin inda yumɓun bai da kauri sosai, ta fi kama benaye gajeru fiye da na 1985. Ƙasa ɗaya, amma wace girgiza ka shigar daga dutse ita ma rabin amsar ce. Kada a yi lissafi da rikodi ɗaya.

Aminu, in ni ce kai, ga yadda zan bi. A auna Vs a fili, domin ƙasar da aka ɗebo ta riga ta ɗan dagule, Gmax ɗinta na ɗakin gwaji kusan kullum ƙasa yake da na fili. A auna ƙarfi da zurfi, da PI, da tarihin nauyin da ƙasar ta taɓa ɗauka, da yawan ƙarfin da take zubarwa in an dagula ta. A fara da miƙaƙƙen lissafin, a dubi karkacewar da ta fito a kowane sashe. In duk ƙanana ne, hanyoyin biyu za su zo kusa da juna, ba sai an wahala ba. In wani sashe ya doshi rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a koma mai bin kai-komo, da ƙarfin da aka gyara.

Injiniya Garba: Kuma kafin ka ɗora samfurin a kan mita 30, ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya tak ta ragar, ka murɗa ta a kwamfuta yadda Dakta ke murɗa tata a na'ura, ka kwatanta.

Musbahu: A wannan bakinmu ɗaya. Ina da irin wannan gwajin na ƙwaya ɗaya da na yi da samfura uku a kan yumɓu mai PI 30, zan ɗora zanen nan da dare.

Injiniya Garba: Ka haɗa da shan kuzari a karkacewar 1%, da adadin zagayen da kowanne ya ɗauka kafin ya kai 3%. Layin G kaɗai kowa yana iya daidaita shi.